Likitan da Ya Ari Kujerar Kande

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, kuma ni nan da kuke gani ni na fara ganin abin da Allah ya ajiye a jikinsa. Kafin farfesoshi su gani, kafin 'yan jarida su ji, ni Tunau mahauci na gani, a zauren gidana, ina kwance kan tabarma ina jiran mutuwa. Shi ya sa jiya da na ji rediyo tana cewa wai an shigo da sabon tsari na yi wa masu ciwon daji bayani, wai manya ne suka zauna a kwamiti suka ƙirƙiro shi, sai da na kife kwanon furata. Sabon tsari! Abin da aka fara a kan kujerar matata yau shekara ashirin da shida!

Liman ya ce in yi magana bayan la'asar, to zan yi. Ni ba malami ba ne. Boko ban taka ba, allo kuwa iyakata surorin da nake salla da su. Amma na feɗe shanun da suka fi mutanen unguwar nan yawa, kuma na je bakin kabari na leƙa na dawo. Wanda ya yi wannan, ko ba rawani, a saurare shi. Alhaji Nomau, mayar da wayar nan aljihu, har da kai nake.

A lokacin ina da shekara hamsin da 'yan kai. Ni kaɗai nake kayar da bijimi, in saɓa cinyar sa a kafaɗa in kai ta rumfa ban ajiye ba. Ku tambayi duk wanda ya san mahauta a zamanin. Sai jini ya fara biyo ni wajen zagayawa. Na ce basir ne, wane namiji ne ba shi da basir? Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha abin da ko akuya ba za ta sha ba. Wata bakwai ina haka. Ran nan na sunkuya zan ɗaga cinyar maraƙi, maraƙi fa, sai ga ni a ƙasa abokan sana'a suna yi mini fifita. Babban ɗana Sallau ya kinkime ni sai babban asibiti.

Ku saurara ku ji yadda ake duba marar lafiya a wancan zamani. Da hantsi babban likita zai shigo, wanda suke kira Farfesa, fararen riguna goma sha suna biye da shi kamar balbelu a bayan garke. Su tsaya a ƙafar gado, a tsaye. Su ɗaga takarda su yi ta Turanci a kanka, wannan ya ce, wancan ya ce, ana nuna cikinka da bakin biro. Ni na san wannan tsayuwar. Ita ce tsayuwar da muke yi a kara, kasuwar shanu, idan muna taya sa. Mu zagaye shi, mu latsa haƙarƙari, mu yi magana da dillali. Wa ya taɓa tambayar sa ra'ayinsa?

A cikinsu akwai wani siriri mai tabarau, shi ne na ƙarshe a layi, shi ake sa ya yi Hausa. Idan an gama Turanci sai ya ce, “Baba, ya jiki?”

In ce, “Da sauƙi.”

Ya rubuta, su wuce. Kullum haka.

Rana ta huɗu suka kira Sallau baranda. Ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja wur, ya ce wai ƙwaro ne ya faɗa masa. Na ce me suka ce? Ya ce, “Baba, basir ne ya yi ƙarfi. Za su sa maka ruwa, shi ke nan.”

A gadon da ke kusa da nawa akwai Malam Ilu tela. Shi an ce masa gyambon ciki ne. Yana da ƙane da suka shekara goma sha ɗaya ba sa magana, a kan wata kalma da aka faɗa a wurin zaman makoki. Kullum sai ya ce mini, “Tunau, in na tashi daga gadon nan, da ƙafata zan je in same shi. Ba na so ya gan ni a kwance ya ce don ciwo na neme shi.” Matarsa ta san ba zai tashi ba. 'Ya'yansa sun sani. Mai sharar ɗakin ma ta sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, shi mai jikin. Ranar Talata ya cika, bai ga ƙanensa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Aka sa mini ruwan. Jama'a, na sha tokarin shanu, na sha ƙaho a cinya, ban taɓa haɗuwa da abu kamar ruwan nan ba. Amai, zawo, bakina duk ya saɓule, ko kunu ba ya shiga. Tafin hannuna ya yi baƙi kamar na marini. Ba wanda ya ce mini haka za ta faru. Da aka sa na biyu sai na yi lissafi irin na mahauci. Na zo da basir, ga shi da ƙyar nake iya tashi. Ilu ya zo da gyambo, an fitar da shi a makara. Ga shi na ji ana raɗe-raɗin wuƙa. Dabbar da ake ba ruwa ana shafa mata baya ba a gaya mata komai, na san inda za a kai ta. Da yamma lokacin 'yan dubiya na zura babbar riga, na shiga cikin mutane, na fice. Suka rubuta a takardata wai na gudu.

Na yi mako biyar a gida ina ta narkewa. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure don in riƙa ganin masu wucewa. Wata ranar Asabar da hantsi sai ga wani tsohon babur ya tsaya. Wa zan gani? Siririn nan mai tabarau, da littafi a hammata, ƙafarsa duk taɓo. Ya yi sallama ya shigo.

Na ce, “Kun biyo ni ku ƙarasa?”

Ya ce, “A'a Baba. Bincike aka ba ni. An ce in gano abin da ya sa masu irin ciwonka suke barin magani su gudu. Sunaye sittin da ɗaya aka ba ni, ina bin su gida gida.”

Na ce, “Nawa ka samu?”

Ya ce, “Kai ne na goma sha tara da na tarar da rai.”

Ya buɗe littafi zai fara karanto tambayoyi, yana tsaye a kaina. Raina ya ɓaci. Na ce, “Kai ɗan nan, a asibitinku kun tsaya a kaina, a gidana ma a tsaye za ka yi mini magana? Sa ne ni?”

Ya waiga. Ba tabarma ta biyu, ba benci. Abin da ke zauren kawai kujerar matata Kande ce, 'yar tsugune, irin wadda mata ke zama a kai a bakin murhu, ta bar ta nan da ta kawo mini kunu. Wane ɗan boko ne zai zauna a kanta? Wallahi bawan Allahn nan ya jawo ta ya zauna, gwiwoyinsa har haɓa. Sai ga idonsa daidai da nawa. Tun da na fara ciwo, wannan ne karo na farko da na ga ƙwayar idon likita.

Ya rufe littafin ya ajiye a ƙasa. Ya ce, “Baba, me aka ce maka yana damunka?”

Na ce, “Basir.”

Ya ce, “Amma kullum na tambaye ka sai ka ce da sauƙi. Ni kuwa in rubuta kana samun sauƙi.”

Nan fa na ba shi karatu, ni da ban yi boko ba. Na ce, “A gidan wa ka tashi? Bahaushe ko yana gargara, ka ce masa ya jiki, ai da sauƙi zai ce. Godiyar Allah ce, kuma ladabi ne. Babban mutum ya tsaya a kaina da jama'arsa, in buɗe baki in ce ina zawo? Gaisuwa ka yi, na amsa. Ba ka taɓa tambayata ba. Mai tambaya zama yake yi.”

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Baba, akwai abin da na sani game da jikinka da ba a gaya maka ba. Kana so ka ji da kunnenka, ko ka zaɓi wanda zan gaya wa?”

Sai ga Sallau ya faɗo zauren, ashe yana laɓe. Ya ce, “Likita, don girman Allah ka bari! Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.”

Na ce, “Wa? Ni? Ni da na rufe uwata da ubana da 'ya'ya uku? Sallau, cikin nan nawa ne ko naka? Wa ya naɗa ka wakilin hanjina?”

Ya durƙusa yana kuka, gandamemen ƙato. Na san don so ya yi. Amma son da ya bar ni ina shan sassaƙen basir alhali wuta na cin gidana, ku gaya mini, ina amfaninsa?

Likitan ya ce, “Ciwon daji ne, Baba. A ƙarshen hanji.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, zauren ya juya. Amma abin mamaki, da ya tsaya da juyawa sai na ji zuciyata ta zauna. Wata tara ina kokawa da abu a duhu, yau an kunna fitila na ga ƙahonsa. Shi kuwa bai cika ni da surutu ba. Ya jira har sai da ni na fara magana.

Na ce, “To ai an gama. Kowa ya san daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi da wuƙa sai ya haukace.”

Bai yi dariya ba, bai ce jahilci ba ne. Ya ce, “Wa ka gani?” Na lissafa masa mutum uku da aka yanka suka mutu. Ya ce, “Sun je da wuri, ko sai da suka kasa tashi?” Na ce sai da suka kasa tashi. Sai ya ce, “Baba, kai ka fi ni sanin hanji. Idan ka feɗe sa ka tarar da ƙari a wuri ɗaya, me kake yi?”

Na ce, “In zagaye shi da wuƙa, in haɗa da lafiyayyen nama kaɗan, in yar. Sauran a ci.”

“Idan kuma ya fantsama har hanta da huhu?”

“Ai duba-gari ba zai bari a sayar ba. Rami za a haƙa.”

Ya ce, “To ba wuƙar ce ta kashe waɗancan ba, jinkiri ne. Naka da muka duba yana wuri ɗaya. Ruwan da ya wahalar da kai, don ya motse ƙarin ne a samu yadda za a zagaye shi. Amai da baƙin hannu aikin maganin ne, suna wucewa, kuma akwai abin da ke rage su da ka faɗa. Ban yi maka alkawarin rai ba, wannan na Allah ne. A cikin mutum goma masu irin naka, in an yi aikin yanzu, fiye da rabi suna tashi. In ka zauna a zauren nan, ba na jin za ka ga damina ta gaba.”

Sannan ya ce in maimaita masa abin da ya faɗa, da bakina. Na ce, “Jarrabawa za ka yi mini?” Ya ce, “Kaina nake jarrabawa, in ga ko na iya faɗa.” Na maimaita masa tsaf, har na gyara masa inda ya kira tumbi da sunan hanji.

Ku saurara, ga inda na gane ba ƙaramin mutum ba ne. Da zai tashi sai ya ce, “Baba, ni na rubuta ruwan nan da hannuna. Ni na tsaya a kanka kwana goma sha biyu ina jin Hausa ban gaya maka komai ba. Ba kai ka gudu ba, mu muka kore ka. Ka yafe mini.” Likita fa! Yana neman gafarar mahauci! Ya leƙa cikin gida ya gai da Kande, ya ce ta ara masa kujerar. Ta ce, “Likita, me za ka yi da kujerar tuƙa tuwo?” Ya ce, “Aiki zan yi da ita, Inna.” Ya ɗaure ta a bayan babur.

Ranar Litinin na koma asibiti da ƙafata. Na shanye sauran ruwan, ina amai ina lissafin saura nawa, don yanzu na san hanya. Aka yi mini aiki, ɗinki ashirin da uku.

Ina kwance ina jinya ina kallonsa. Bayan ayarin Farfesa ya wuce, sai ya dawo shi kaɗai da kujerar Kande a hannu, gado gado. Ya zauna, ya tambayi mutum me ya sani, ya tambaye shi ko yana so ya ji, ya gaya masa da Hausa da misalin sana'arsa, manomi da gona, magini da katanga, sannan ya ce maimaita. Wanda ya ce shi ba ya son ji, a gaya wa ɗansa, sai ya ƙyale shi, bai taɓa ɗura wa kowa ba. Abokan aikinsa suka mayar da shi abin dariya. “Inna mai tuwo ta iso!” “A kawo masa muciya!” Suka laƙaba masa Mai Kujera. Ko ɗaga kai ba ya yi. Ni dai ban kama sunansa ba yau, don ya roƙe ni kada in riƙa yawo da shi, to mu ma mu kira shi Mai Kujera.

Yanzu ga jarrabawar da Allah ya kawo masa. Wannan bincike shi ne tsaninsa. In Farfesa ya sa hannu, a ƙara masa girma, a tura shi ƙasar waje ƙarin karatu. In bai sa ba, ya zauna inda yake. Farfesa kuwa tun kafin a fara ya riga ya san amsar da yake so: marasa lafiya jahilai ne, bokaye suke bi. Mai Kujera ya rubuta abin da ya gani. Ya ce a cikin goma sha taran nan, goma sha shida ba su ma san sunan ciwonsu ba. Ya ce laifin na masu farar riga ne, kuma ya fara da kansa, ya rubuta cewa mutum ashirin da biyu cikin waɗanda suka gudu a hannunsa suke.

Ran nan da hantsi Farfesa ya shigo da takardun a hannu, yana huci. A gaban gadona ya tare shi. Ya fara da Turanci, da abin ya ci shi sai ya juye. Jama'a, ashe mutumin nan yana jin Hausa! Hausa tsantsa, ta fi tawa! Wata biyu yana tsayawa a kaina bai taɓa ce mini sannu ba, ashe harshen yana nan ya ajiye shi don faɗa!

Ya ce, “Kai yaro, asibitin da ya raine ka za ka tona wa asiri? Ka je ka gyara. Ka rubuta jahilci da camfi, yau in sa maka hannu. Waɗannan mutanen ko ka shekara kana yi musu bayani ba za su gane ba.”

Mai Kujera ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ka koya mini aikin nan, ba na raina ka. In akwai kuskure a ƙirga, nuna mini in gyara yanzu. Amma ba zan iya ɗora wa matattu laifin da na san nawa ne ba.”

Ni kuwa jinin fawa ya motsa. Na dafa ƙarfen gado na tashi zaune da ɗinkina. Na ce, “Ranka ya daɗe, ga jahili nan yana gaisuwa.” Na zayyana masa ciwona, inda ƙarin yake, tsawon hanjin da suka yanke, ruwa nawa aka sa mini, abin da in na gani zan dawo da gudu, da ranar da zan zo a duba ni. Balbelun nan duk suka saki baki. Na ce, “To ni na faɗi abin da ke cikina. Kai da ka shiga cikin da hannunka, faɗi sunana.”

Ya kalli takardar da ke ƙafar gado. Sai da ya kalli takarda! Na ce, “A'a, bar shi. Gado na tara ne sunana.”

Kuna tsammani ya ji kunya ya sa hannu? Irin wannan sai a tatsuniya. Bai sa ba. Aka ba wani tafiya ƙasar waje. Mai Kujera aka cilla shi wani ƙaramin asibiti a bakin iyaka, inda mota ke zuwa sau biyu a mako. Shekara bakwai yana nan a matsayi ɗaya, waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa. Ya tafi da kujerarsa, ya ci gaba da zama, ya ci gaba da rubutawa: wanda aka zauna da shi, wanda ya dawo, wanda ya ƙarasa magani. Da ya tara na shekaru ya aika aka buga a inda likitoci ke karanta junansu. Aka ga a wurinsa cikin goma da ƙyar ɗaya ke gudu, a babban asibiti kuwa kusan rabi. Daga nan wannan ya gwada, wancan ya gwada, ɗalibai suka riƙa yin takakka har bakin iyaka su ga yadda yake yi. Yau ku shiga ɗakin masu ciwon daji a can, kowane gado da kujera a gefensa.

Shekarun baya, da za a ƙaddamar da tsarin a babban asibiti, ku ce mini wa ya yanke zare? Farfesa! Da babbar riga da jawabi, wai sun daɗe suna nazari! Na ji, na hau mota, tafiyar yini guda, na same shi a bakin iyaka yana zaune kan kujerar Kande gaban wata tsohuwa. Na jira ya gama. Na ce, “Likita, an yi maka fashi da rana tsaka! Tashi mu je gidan rediyo, ni ne shaida!”

Ya yi murmushi ya ce, “Baba Tunau, ya jiki?”

Na ce, “Kada ka fara.”

Ya ce, “To yaya cikin, tsakani da Allah?” Na gaya masa. Sannan ya ce, “A can ɗin, suna zama?”

Na ce, “Suna zama.”

“Suna sa mutum ya maimaita?”

“An ce suna yi.”

Ya ce, “To me aka sace mini?”

Shi ya yafe, ni ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba har in koma ga Allah. Shekara huɗu da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, ku ce amin. Ni da aka ce ba zan ga damina ba, ni na bi gawarsa. Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko da kujerar, ta ce ya bar wasiyya a mayar wa Inna Kande, aro ce.

To ga abin da na tara ku in gaya muku, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Ciwon mutum amanarsa ce, haƙƙinsa ne a tambaye shi ko yana so ya sani. Wanda ya ɓoye masa ba tare da ya tambaye shi ba, ya ci amana, ko likita ne ko ɗan cikinsa. Ni da aka gaya mini na koma aka yi mini aiki na tashi. Malam Ilu ba zai tashi ba ko an gaya masa, amma da ya aika an kira ƙanensa. Mu biyu duk an yi mana sata, ni an dawo mini da nawa, shi an binne shi bai san an ɗauka ba.

Kada ku gyaɗa kai kuna cewa likitoci ba su kyauta ba. Farfesa yana cikin gidajenku. A sahun nan akwai mutumin da mahaifiyarsa ke kwance wata uku, takardar asibiti tana aljihunsa, ya ce mata sanyi ne. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, ga shi can yana wasa da carbi. Kuna leƙa ɗaki daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, “Ya jiki?” “Da sauƙi.” “Allah ya ƙara sauƙi.” Ku juya ku ce kun yi dubiya. Wannan ba dubiya ba ce, cinikin sa ne. Ku shiga, ku nemi abin da ya fi ƙasa a ɗakin ku zauna a kai, ku tambayi mutum me ya sani, me yake so ya sani, wa yake so a kira masa. Ku kuma masu ciwo, ku gode wa Allah da “da sauƙi”, sannan ku buɗe baki ku gaya wa likita inda ke ci. In ya tsaya a kanku, ku ce ya zauna. In ya yi Turanci, ku ce ya sauko. Kuma jini in ya biyo ku, kada ku yi wata bakwai kuna shan sassaƙe kamar wani wawa da na sani.

Na ga wasu a baya suna taɓa juna, wai tsoho ya fara ƙari. Madalla. Ga rigata na ɗaga, duk mai shakka ya taso gaban Liman ya sa yatsa ya ƙirga, in ya samu ɗinki ashirin da biyu na yarda maƙaryaci ne ni. In bai ƙoshi ba ya biyo ni gida, kujerar tana zaure, ƙafarta ɗaya da ɗaurin waya. Amma ku sani, duk wanda ya zo ganinta ba zai fita hannu sake ba. Zan ɗora masa ita a ka, in raka shi har ɗakin marar lafiyar gidansu, in tsaya a ƙofa in ga ko zai iya zama a kanta ya dubi uwarsa ido da ido. Wa zai fara?